Sharhi: Coci na neman matasa da Faransanci, mu wa ke tarbar 'yan Faransin Zango?

Tun bayan bikin Ista na 2025 ake ta yaɗa wani labari a wayoyin jama'a a Nima da Maamobi da New Town, wai matasan ƙasar Faransa sun yi cincirindo zuwa coci ana yi musu baftisma. Maƙwabtanmu Kirista suna tura shi cikin murna, suna cewa Turai ta farka. Wasu daga cikinmu kuma suna tura shi da fargaba, har da ƙarin gishiri cewa 'ya'yan Musulmi ne ake kwashewa. Ni malamin makarantar boko ne, a ƙaramar sakandare nake koyarwa, kuma abin da aka fara cusa mana a kwalejin horon malamai shi ne kada ka ba yaro maki sai ka duba yadda ya yi lissafinsa. Don haka bari mu duba lissafin Faransa tukuna, sannan mu dawo gida, domin labarin yana da reshe a nan Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, kuma reshen nan ya fi shafarmu a kan abin da ke faruwa a Paris.

Abin da alƙaluman suka ce

Majalisar bishop-bishop ta Katolikan Faransa ce ke fitar da ƙidayar kowace shekara. A Istan 2024 manya 7,135 ne suka karɓi baftisma. A 2025 adadin ya kai 10,384, ƙarin kashi 45 cikin ɗari ke nan a shekara guda. Ban da su akwai yara 'yan shekara 11 zuwa 17 fiye da 7,400. Cikin manyan kuwa, 'yan shekara 18 zuwa 25 ne suka fi yawa, kashi 42 cikin ɗari, wato ɗalibai da waɗanda suka fara aiki kwanan nan. Ka tuna ƙasar nan ta raba addini da gwamnati tun 1905. Ka kuma tuna a Oktoban 2021 rahoton kwamitin Sauvé ya girgiza cocin da ƙiyasin cewa yara kusan 216,000 ne limaman coci da masu hidimarta suka ci zarafinsu tun daga 1950. Matasa su riƙa ƙwanƙwasa ƙofar wannan coci bayan irin wannan abin kunya, gaskiya abin dubawa ne.

To amma a sa shi a ma'auni. Faransa na da mutum wajen miliyan 68. Baftismar jarirai, wadda da ita ce ƙofar shiga cocin, ta faɗi da wajen rabi tun shekarar 2000. Da yawa daga cikin samarin da 'yan matan da ke zuwa yanzu jikokin Katolika ne da iyayensu ba su kai su coci suna jarirai ba, shi ya sa ƙidayar cocin da kanta ta nuna fiye da rabinsu daga gidajen da asalinsu Kirista ne suka fito. Waɗanda suka fito daga gidajen Musulmi kashi 4 zuwa 5 ne cikin ɗari a shekarun nan biyu, wato 'yan ɗaruruwa a ƙasar da ke da miliyoyin Musulmi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta yi tsakanin 2019 da 2020 ya nuna cewa cikin 'yan shekara 18 zuwa 59, kashi 51 ba su da addini, kashi 29 Katolika ne, kashi 10 Musulmi. Binciken ya ƙara da cewa kashi 91 na waɗanda suka tashi a gidan Musulmi suna nan kan addinin iyayensu, a wajen Katolika kuwa kashi 67 ne. Ke nan cocin tana ɗebo kaɗan ne daga abin da ya zube mata. Mai cewa ana kwashe 'ya'yan Musulmi a Faransa bai duba lissafi ba.

Me ya jawo su?

Duk da haka, dubban matasa da ba wanda ya tilasta su sun tashi da ƙafarsu sun je. Abu uku na gani.

Na farko waya. Akwai wani fada mai suna Paul-Adrien da ke amsa tambayoyi a YouTube, da wata sista mai suna Albertine a Instagram da TikTok. Yaro yana kwance a ɗakinsa da tsakar dare zai ji an yi masa bayanin yadda ake addu'a, da dalilin azumi, da abin da ke bayan mutuwa, cikin harshen da yake hira da abokansa, ba tsawa ba gori. Fadar Paparoma ta ɗauki abin da muhimmanci har ta tara irin waɗannan masu wa'azin intanet a birnin Rum a ƙarshen Yulin 2025.

Na biyu shi ne wanda ya kamata kowane Musulmi ya tsaya ya yi tunani a kai. A 2025 Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma, ranar da Kirista ke fara azuminsu na kwana arba'in, ta faɗo 5 ga Maris. Coci-coci suka cika da 'yan makaranta har limaman suka yi mamaki. Da yawa daga cikinsu sun shaida wa jaridu cewa yaran suna ganin abokan karatunsu Musulmi suna azumi ba kunya ba ɓoyewa, sai su koma gida su tambayi iyayensu: mu fa, ba mu da namu? Wannan a ƙasar da ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati tun 2004, ta hana abaya a 2023. Yaron Musulmi bai buɗe baki ya yi wa kowa wa'azi ba, ƙin cin abincin rana kawai ya yi, sai ga shi ya tayar da tambayar Allah a zuciyar ɗan ajinsu.

Na uku tarba. Wanda ya ce yana son shiga, ba a yi masa wanka a sallame shi. Ana haɗa shi da mai rakiya da ƙungiyar sa'o'insa, ya yi kusan shekara biyu yana koyo kafin baftisma. Ana fita da su tafiya tare. Tattakin Paris zuwa Chartres, kusan kilomita 100 a ƙafa cikin kwana uku, ya tara mutum wajen 19,000 a 2025, galibinsu matasa. Bishop-bishop na yankin Paris har babban taro suka kira don su tattauna yadda za su riƙe sababbin shiga kada su sulale. A taƙaice, an yi wa matashi magana da harshensa, an san sunansa, an ba shi abokan tafiya.

'Yan Faransinmu na gida

Yanzu mu dawo Kasuwar Malam Atta. A bakinmu na Zango, in aka ce ɗan Faransi ba Bature ake nufi ba. Ana nufin ɗan Nijar, ɗan Burkina, ɗan Togo, ɗan Benin, ɗan Kodebuwa, ɗan Mali, ɗan Gini. Ghana ƙasa ce da masu Faransanci suka kewaye ta gabas da yamma da arewa, kudu kuma teku. A Oktoban 2024 ma ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci.

'Yan Faransin nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda muka saba da su tun kaka da kakanni: Zabarmawa da Hausawan Maraɗi da Tawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa. Su ne masu albasar da aka tayar daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, su ne masu kayan waya a Circle, masu gwangwan, masu yankan farce, masu shayi. Waɗannan suna jin Hausa ko Zabarmanci, suna da ɗan garinsu da zai ba su tabarma, suna da sarkinsu da masallacinsu. Zango bai yi musu wuyar shiga ba.

Kashi na biyu sababbi ne. Matasa ne da suka gama sakandare ko jami'a a Abidjan, Konakiri, Bamako, Wagadugu ko Yamai, iyayensu suka haɗa kuɗi suka turo su Accra su koyi Turanci na wata shida ko shekara a makarantun harshe masu zaman kansu, waɗanda suka cika unguwannin da ke kewaye da mu. Rashin tsaro a Sahel, da juya wa Faransa baya da Mali da Burkina da Nijar suka yi har suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, duk sun ƙara wa Turanci daraja a idon iyaye. Da yawan yaran nan Musulmi ne. Ba sa jin Hausa, ba sa jin Twi, Turancin ma shi suka zo nema.

To ka bi irin wannan yaro ranar Juma'a. Ya shiga masallaci a Nima ko Kotobabi. Huɗuba da Larabci, fassara da Hausa, wani wuri a ɗan taɓa Turanci. Ya yi raka'a biyu, ya yi musabaha da na kusa da shi, ya ɗauki takalminsa ya fita. Ba wanda ya tambaye shi sunansa. Ka sake binsa ranar Lahadi. A bakin titi akwai allon sanarwa da Faransanci. Manyan coci-coci da dama a birnin nan suna da zaman ibada da Faransanci ko tafinta. Akwai motar da za ta ɗauke shi kyauta, akwai mai tsayawa a ƙofa ya rubuta sunansa da lambarsa, ranar Laraba kuma a kira shi a ji ya yake. Wasu har ajin Turanci na kyauta suke buɗewa, abin da ya kawo shi ƙasar ke nan.

Wani saurayi ɗan Konakiri da nake taimaka wa da Turanci da yamma ya taɓa gaya mini cewa da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana biyar, mutum uku ne suka leƙo shi, dukkansu daga cocin da abokin ɗakinsa ya kai shi sau ɗaya. Yaron yana sallarsa biyar, Fulatanci ne harshen gidansu, kakansa ma malami ne. Bai ce zai bar addini ba. Abin da ya ce kawai shi ne: “Malam, su sun san inda nake kwana.” Na rasa amsar da zan ba shi.

Kuma ba a ɓoye ake wannan aiki ba. Cocin Pentecost, wadda ke cikin mafiya girma a ƙasar nan kuma take da rassa a ƙasashe fiye da 150, a ƙarƙashin shugabanta Eric Nyamekye ta kafa sashe na musamman mai suna Home and Urban Missions don isa ga baƙi, da 'yan Arewa mazauna Kudu, da Fulani, da yaran titi. Suna horar da ma'aikata, suna ware kuɗi, suna rubuta rahoto. Sanin darajar harshe kuwa ba yau suka fara ba: tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi shekaru yana yi. Wanda ya yi haka da Hausa shekara casa'in da suka wuce, ai Faransanci ba zai gagare shi ba.

Gayyata daban, tilas daban

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, don ina jinsa a majalisa: a hana su. A kori mai wa'azi da lasifika daga bakin kasuwa, a sauke mai wa'azin trotro, a yage allon Faransancin. Ni ban goyi bayan wannan ba, kuma dalilina na lissafi ne kafin ya zama na ladabi. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista kashi 71.3 ne cikin ɗari na mutanen Ghana, mu kashi 19.9. Sashe na 21 na kundin tsarin mulkin 1992, wanda ya ba kowa 'yancin bin addininsa da bayyana shi, shi ne ya ba fasto damar tsayawa a Malam Atta, kuma shi ne ya ba ladaninmu damar kiran asuba da lasifika, ya ba mu damar rufe titi ranar Idi da Mauludi. In aka buɗe ƙofar rufe bakin masu wa'azi, mutum ɗaya cikin biyar ne za a fara rufe wa baki. In ƙara ta yi yawa, akwai dokar hana hayaniya ta hukumar birni, a yi amfani da ita a kan kowa, mu da su. In wani ya zagi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kai ƙara wurin hukuma da Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa. Amma mutum ya ce maka zo ka ji addinina, wannan ba laifi ba ne, mu ma shi muke yi, sunansa da'awa. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya taka zuwa cocin Christ the King ranar Ista a 2019, lokacin cikarsa shekara ɗari, Fada Andrew Campbell ya tarbe shi. Bai rage komai a Musuluncinsa ba, ya kuma saya mana mutunci a idon duniya.

Inda ya kamata mu tsaya kai da fata shi ne inda gayyata ta koma dole, kuma a ƙasar nan wurin shi ne makaranta. A Ramadan na 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley Girls da ke Cape Coast, wadda cocin Methodist ta kafa a 1836, ta hana wata ɗaliba Musulma azumi. Hukumar ilimi ta ƙasa ta ba da umarnin a bar ɗalibai su yi azumi, cocin ta ce ba ta yarda ba. A 2024 Majalisar Zaman Lafiya ta jagoranci wata yarjejeniya kan haƙuri da juna a makarantun mishan. A Disamban 2024 lauya Shafic Osman ya kai ƙara Kotun Ƙoli, yana cewa hana ɗalibai Musulmi yin addininsu da tilasta musu ibadar Methodist ya saɓa wa tsarin mulki. A Nuwamban 2025 kotun ta ba hukumar makarantar kwana 14 ta amsa zarge-zargen. Babban Lauyan Gwamnati ya tsaya kan cewa makarantar na da haƙƙin kiyaye aƙidar waɗanda suka kafa ta, shugabannin coci-coci ma haka suka ce: mu muka gina, wanda ya zo ya san inda ya zo.

Hujjarsu tana da nauyi, ba na raina ta. Mishan sun gina makarantu lokacin da kakanninmu ke gudun boko, kuma da yawa daga cikin manyan Musulmin ƙasar nan a can suka yi karatu. Amma yau gwamnati ce ke biyan albashin malaman makarantun nan da harajin Hajiya mai waakye da na Maame mai kenke baki ɗaya, kuma kwamfutar gwamnati ce ke rarraba yara zuwa sakandare. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta ci jarrabawa da kyau ba za a ce mata ta zaɓi tsakanin makaranta mai kyau da sallarta ba. Ni da nake tsayawa a gaban aji kullum na san ƙarfin da malami ke da shi a kan yaro. Maki a hannuna yake, bulala da yabo duk a hannuna. In na yi amfani da wannan na tura yaro ga addinina, ban gayyace shi ba, danne shi na yi.

Wannan ma'auni kuwa har da mu. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, su ma gwamnati ke biyan malamansu, kuma akwai 'ya'yan Kirista a cikinsu. Abin da ba mu so a yi wa Amina a Cape Coast, kada mu yi wa Akosua a Nima. Addininmu da kansa ya hana tilasta wa mutum imani. Su kuma abokan zamanmu Kirista, labarin Faransar da suke murna da shi ai hujja ce a kansu: matasan can sun zo ne a ƙasar da ba makarantar gwamnati ko ɗaya da ke kora yaro coci. Da ƙafarsu suka zo, shi ya sa zuwan ya yi daraja.

Zango fa masauki ne

Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da ayari ke sauka ya huta. Fataken goro da suka bi hanyar Salaga su suka kawo ta ƙasar nan. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na ashirin, Malam Amadu Futa ya samu filin Nima a wajen iyalan Odoi Kwao a farkon shekarun 1930. Abin da ya riƙe waɗannan unguwanni shi ne al'adar mai gida: baƙo ya sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, a nuna masa kasuwa, a tsaya masa in ya shiga rigima, in ya mutu a yi masa sutura. Ba a tambayarsa takarda, ba a tambayarsa ƙabila. Da wannan Musulunci ya bazu a Kudancin Ghana, da tabarma da ƙwaryar koko, fiye da yadda ya bazu da muhawara. Kuma mu ne muka fi kowa sanin ɗacin baƙunci, domin a ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda, gidajen Zango ne suka wayi gari babu kowa.

Yau ɗakunan sun cika, mai gida na neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, kowa na fama da kansa. Ban ce laifin wani ba ne, rayuwar birni ce ta zo da haka. Amma sakamakon shi ne aikin da aka san Zango da shi, wasu sun ɗauka suna yi da tsari da rajista da mota, mu kuma muna zaune muna ƙorafi.

Wani zai ce, Malam, ai ɗan Musulmi ba ya barin addininsa don shinkafa da motar kyauta. Galibi haka ne, alƙaluman Faransa ma sun nuna hakan. Sai dai asara ba ridda kaɗai ba ce. Yaron da ba shi da kowa shi ne ke faɗawa hannun 'yan damfarar nan da ke yaudarar matasa daga ƙasashen maƙwabta da alƙawarin aiki ko tafiya Turai, su karɓe musu kuɗi da fasfo su cusa su a gida guda, kamar yadda muke ji jami'an tsaro na kuɓutar da su lokaci zuwa lokaci. Shi ne ke ƙarewa a shagon caca ko a kan taramol. Shi ne kuma zai koma Bamako ko Konakiri ya ce a Accra Musulmi ba su san shi ba. Ko mutum ɗaya bai canja addini ba, wannan abin kunya ne gare mu.

Kuma kada mu ɗauka namu 'ya'yan da aka haifa a nan sun tsira. Yaron Maamobi da ke zaune a bes yana shan ataya, Turanci da Pijin ne a bakinsa da wayarsa, Hausarsa ta kasuwa ce, Larabcin huɗuba kuwa sai dai ya ce amin. Yana da tambayoyi kan aljanna da wuta, kan soyayya, kan kuɗin intanet, kan abin da ya ji wani fasto ya faɗa game da Alƙur'ani. In ya tambaya a makaranta a ce masa ya cika rashin kunya. In ya kunna wa'azi ya tarar malaman Tijjaniyya da na Ahlussunna suna jifan juna. Shi ma ɗan Faransi ne a cikin gidansu, ana magana a kansa da harshen da bai gama ji ba.

Abin da za mu iya kafin azumi

A Fabrairun 2026 Ramadan da azumin Kirista sun sake kamawa a mako guda, Larabar Toka 18 ga wata. Azumi lokaci ne mai kyau na gwaji, kuma abin da ake buƙata bai kai kuɗin fentin masallaci ba.

Masallatan Juma'a na Nima da Maamobi da New Town da Alajo, har da Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, su ware minti biyar bayan sallah a taƙaita huɗuba da Faransanci, wani mako da Turanci. Masu yi muna da su: 'yan uwanmu Kotokoli da Zabarmawa da suka yi boko a Lome da Yamai, da malaman Faransanci da ke koyarwa a makarantunmu. A ajiye kwafin fassarar Alƙur'ani ta Faransanci a kan kanta, wadda Muhammad Hamidullah ya yi tun 1959 tana nan ana bugawa. Kowane masallaci ya sa samari biyu da mata biyu su tsaya a ƙofa, aikinsu kawai su gane baƙuwar fuska, su yi sallama, su karɓi lamba, su kira a tsakiyar mako. Azuzuwan makarantun Islamiyya da ke zama a rufe da daddare a buɗe su don ajin hira da Turanci kyauta. Ni na ɗauki dare biyu a mako, kuma na san abokan aikina da za su ɗauka. Iyayenmu mata na Malam Atta, waɗanda ko a shekarar tsada ba su fasa sadakar koko da ƙosai ba, kowace ta ƙara kwano ɗaya na buɗa baki da sunan baƙo, a kuma je a kira shi ya ci a cikin gida, kada a miƙa masa a leda. Matasanmu masu ilimin addini da suka iya waya su amsa tambayoyin sa'o'insu a gajerun bidiyo, da Hausa da Turanci da Faransanci, su bar raddi ga masu raddi.

Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 zai iya gina kwata da filin ƙwallo, amma ba zai iya tambayar yaro sunansa ba. Wannan aikin sarakunan Zango ne da limamai da kwamitocin masallatai da ni da kai. Shari'ar Wesley Girls mu bi ta a kotu da haƙuri da hujja, domin can haƙƙi ne muke nema. Batun 'yan Faransi kuwa ba kotun da za ta yanke mana shi. Yaron yana nan a sahu na uku ranar Juma'a mai zuwa, da jakarsa a baya, yana kallon bakin liman bai san me ake cewa ba. Wanda ya riga zuwa wurinsa, shi zai saurara.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin baƙo, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai mu Ramadan da rai da imani.